Me Ya Hana Mu Rubuta Musu Doka Kawai?

Jiya da ka ga wakilan manhajarmu, wato ƙananan shirye-shiryen kwamfuta masu yanke shawara da kansu, suna ta karo da juna a gwajin hanya, ka ce mini: "Maigida, me ya hana mu rubuta musu doka ɗaya, kowa ya kama hannun dama a huta?" Yarona, in duk namu ne, haka za mu yi. Amma ranar da aka sake su a intanet za su gamu da wakilan da wasu suka ƙera, waɗanda ba su taɓa ganin dokarmu ba. A can sai abin da suka koya wajen cuɗanya.

Wakili bai san wani abu wai shi al'ada ba, maki kawai ya sani. Ya wuce lafiya, maki ya hau. Ya yi karo, ya sauka. Yana ajiye lissafin abin da kowane zaɓi ya jawo masa, irin dabarar Q-learning da wani mai bincike, Watkins, ya fito da ita a 1989. Wasu masu bincike biyu, Sen da Airiau, sun gwada haka a 2007: ana haɗa wakilai biyu-biyu ba tare da zaɓe ba, kowa na koyo daga abin da ya same shi shi kaɗai. Da farko wasu hagu, wasu dama. Da zarar ɓangare ɗaya ya ɗan rinjaya bisa sa'a, binsa ya fi riba, sai rinjayen ya yi ta ƙaruwa har ya cinye kowa. Sun kuma ga cewa 'yan tsiraru da ba sa sauya zaɓi suna iya jan taron zuwa nasu ɓangaren.

Wannan mai sauƙi ne, tunda babu wanda zai ci riba don ya bi hannun da ba a bi. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da cutar da wasu ke biya, kamar wakilai da ke ɗiba daga taska ɗaya. Wani mai bincike, Axelrod, ya gwada irin wannan a 1986 da wakilai 20. Ya ba su damar hukunta mai cuta, amma hukunci na cin makin mai yin sa, sai kowa ya riƙa kau da kai, al'adar ta rushe. Da ya ƙara cewa wanda ya ga cuta ya yi shiru shi ma a hukunta shi, sai ta tsaya. Ka riƙe wannan sosai, domin a nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe: suna ta fama su koya wa wakili biyayya, sun manta da mai sa ido.

Gwajin da na fi so shi ne na masu bincike a DeepMind, kamfanin binciken basirar na'ura, wanda ya fito a 2022. Wakilai na tsintar 'ya'yan itace, iri ɗaya mai guba ce da ba ta nuna illarta nan take. An haramta ta. Wanda ya ci sai alama ta bayyana a jikinsa, wanda ya hukunta shi ya samu maki. Sai aka haramta wani iri kuma da ba shi da illa ko kaɗan. Za ka zaci ɓata lokaci ne. To waɗanda aka ɗora wa dokar banzan nan su suka fi saurin guje wa gubar, saboda sun samu damar yin atisayen hukunci sau da yawa. Hukunci suka fara iyawa, biyayya ta biyo baya.

Gobe kada ka rubuta musu komai. Ka ninka zagayen gwajin, ka sauya lambar farawa, wadda ke tsara yadda sa'a za ta faɗa a gwajin, ka sake, domin a 2005 wasu sun maimaita aikin Axelrod suka tsawaita shi, al'adar da ta tsaya ta sake faɗuwa. In sun daidaita, ka duba a kan me suka daidaita, don suna iya haɗuwa a kan zaɓi marar kyau su kafe a kai. Sannan ka saka baƙin wakilai biyar da ba a horar da su tare ba, ka kawo mini lissafin karon da aka yi.