Da gaske ne Churchill da Stalin sun raba ƙasashe a kan 'yar takarda?

Tambaya: Malam, na ji an ce a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shugabannin Birtaniya da Tarayyar Sobiyet sun zauna sun raba wa kansu ƙananan ƙasashen Turai. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin yaƙin da ya fitar a 1953.

Daren 9 ga Oktoba 1944 ne, a birnin Masko. Churchill ya ɗauko 'yar takarda ya rubuta sunayen ƙasashe biyar, kowace da kason ikon da kowane ɓangare zai samu a kanta. Romaniya, kashi 90 cikin ɗari na Sobiyet. Girka, kashi 90 na Birtaniya tare da Amurka. Yugoslabiya da Hangari, rabi da rabi. Bulgeriya, kashi 75 na Sobiyet. Ya tura wa Stalin, shugaban Sobiyet, shi kuma ya duba, ya ɗauki shuɗin fensir ya yi mata alamar amincewa, ya mayar. Churchill ya ce ko a ƙone ta, kada a ga sun yi wasa da makomar miliyoyin mutane. Stalin ya ce ya ajiye abarsa. Bayan haka ministocin harkokin wajensu, Eden da Molotov, suka ci gaba da ciniki, har rabon Sobiyet a Hangari da Bulgeriya ya koma kashi 80. Kamar ana watanda, alhali ba a ko leƙa masu ƙasashen ba.

Roosevelt na Amurka bai halarta ba, yana can yana fama da yaƙin neman zaɓe.

Me ya sa Churchill ya nace sai Girka? Dubi taswira. Girka tana bakin Bahar Rum, kusa da hanyar jiragen ruwan Birtaniya zuwa mashigin Suwez, daga nan zuwa Indiya. In ta faɗa hannun 'yan gurguzu, hanyar daular ta shiga haɗari. Shi kuwa Stalin, Romaniya ce a ransa: maƙwabciyarsa ce, tana da man fetur a Ploiesti, kuma sojojinta sun bi Jamus wajen auka wa ƙasarsa a 1941.

Amma a ganina, kada a ɗora wa takardar nauyin da ya fi ƙarfinta. Kafin a yi zaman, sojojin Sobiyet sun riga sun cika Romaniya tun Agusta, sun shiga Bulgeriya a Satumba. Abin da Churchill ya bayar ba ya hannunsa tun farko. A Hangari, kashi 20 da aka bar wa Birtaniya bai tsinana komai ba, 'yan gurguzu suka karɓe mulki gaba ɗaya cikin 'yan shekaru. A Yugoslabiya kuwa mayaƙan Tito, jagoran 'yan gurguzun ƙasar, ne suka riƙe ƙasa, kuma a 1948 Tito ya raba gari da Stalin ɗin ma.

Inda alkawarin ya yi aiki sosai shi ne Girka, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. A Disamba 1944 sojojin Birtaniya suka gwabza a titunan Atina da mayaƙan ELAS, rundunar da 'yan gurguzun Girka ke jagoranta, mutanen da suka kwashe shekaru a duwatsu suna yaƙar mamayar Jamus. Stalin ya yi gum, bai kai musu ɗauki ba. Waɗannan mayaƙa ba su san an riga an sallama su a Masko wata biyu kafin nan ba. Ƙasar ta sake faɗawa yaƙin basasa daga 1946 zuwa 1949.

Romaniya ma ta biya nata farashin. Sarki Michael, wanda ya kifar da gwamnatin da ke bin Jamus a Agustan 1944, an tilasta masa sauka daga karaga a Disamba 1947, kuma Birtaniya ba ta iya hana hakan ba.