Me ya haɗa ɗan lab da fita ƙauye?

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce wai kai aikin lab ka zo koya, maikuroskof da injin juya jini da su firiza, to me ya sa aka sa sunanka cikin masu fita ƙauye wayar da kai ranar Alhamis, ba akwai ma'aikatan da aka ɗauka musamman don wannan ba, kuma kana tsoron kar a maida kai ɗan ɗaukar kula, akwatin ƙanƙarar nan da muke zuba kwalaben jini, takwarorinka suna benci suna koyon aiki. To ni na sa sunan naka da hannuna, kuma zan sake sawa.

Kwalbar jinin nan mai murfi shuɗi-ja da kake karɓa ta taga da safe, kai a wurinka lamba ce da sitika. Amma kafin ta iso hannunka wani ya je ya gaida hakimi, hakimi ya haɗa shi da dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni, an je wajen liman an yi masa bayani ya gamsu har ya faɗa bayan sallar Juma'a, an nemi izinin maigida domin gidan ba a shiga, an samu mace ma'aikaciya ta shiga ta zauna da uwar yaron a tabarma, an karanta mata takardar amincewa da Hausa tun daga farko har ƙarshe, ta yi tambayoyinta, ta dangwala a gaban mai shaida wanda ba namu ba, sannan aka taɓa hannun ɗanta. In ɗaya daga cikin waɗannan ya karye babu kwalba. Wanda bai taɓa ganin wannan wahalar da idonsa ba shi ne zaka ga ya bar jini a kan benci ya tafi cin abinci, in ya lalace ya ce ai sai a sake ɗibowa. A sake ɗibowa a ina? Wa zai koma ya kalli matar nan ya ce mata wancan mun ɓarar?

Kuma mutanenmu in suna ɗari-ɗari da masu farar riga kar ka ce jahilci ne, suna da dalili. Ba a haife ka ba lokacin. A 1996 an yi annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan, a tsakiyar wannan tashin hankalin kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani magani Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin sauran aka ba su ceftriaxone, yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ko wa ke da gaskiya a kan abin da ya kashe yaran, maganar ba a gaya mana ba ta zauna a zukatan mutane. Da aka zo 2003 jita-jita ta tashi cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, ƙasar a jiƙe take, nan da nan ta kama, Kano ta dakatar da rigakafin har sai tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai da sarakuna da malamai suka shigo da ƙarfinsu, aka bi gida gida shekara da shekaru, kafin a 2020 a ce Afirka ta rabu da shan inna na daji, wato ainihin nau'in cutar wanda ba daga rigakafi ya samo asali ba. Duk wanda ya sa farar riga ya shiga ƙauye a arewa wannan tarihin yana biye da shi ko ya sani ko bai sani ba, har kai.

Shi ya sa dokokin nan da kake gani kamar ɓata lokaci ne ba mu wasa da su. Ba aikin da ake farawa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba ya sa hannu, akwai na ƙasa a Abuja akwai na jiha da na asibitoci. Dole a gaya wa mutum cewa bincike ne, kar a bar shi yana zaton magani kawai aka kawo. Dole a gaya masa yana da damar ya ce a'a, kuma in ya ce a'a ba abin da zai rasa na kulawar asibiti, in ma ya yarda yau gobe ya ce ya fasa ya fasa kenan. Yaron da ya yi wayo shi ma ana tambayarsa bayan iyayensa. Kuɗin mota da ake bayarwa kuɗin mota ne, kar bakinka ya kuskura ya kira shi kuɗin jini ko da wasa, kalma ɗaya irin wannan kafin la'asar ta zaga gari.

To abin da zai sa kai ɗan lab ka fi kowa amfani a wurin shi ne tambayar da ake yi kullum, wadda masu wayar da kai ba su iya amsa ta kamar kai: jinin nan ina kuke kai shi, me kuke yi da shi, ba sayarwa kuke ba? Kai ne ka san amsar don a hannunka yake ƙarewa. Abin da nake yi shi ne in ce a ba ni ƙaramin cokalin shayi daga cikin gidan, nasu ba nawa ba, in zuƙi ruwa a sirinji daidai yadda za mu ɗiba, mil 2 ko 3, in matse a cokalin a gaban kowa. Cokalin ma bai cika ba, don shi mil 5 yake ci. Sai in ce jikin babban mutum akwai jini wajen lita 5, leda ɗaya da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti ta kusa rabin lita, to wannan ɗan abin da ko cokali bai cika ba wa zai saya, ya yi me da shi? Zaka ga tsofaffin mata sun matso sun leƙa cokalin, wata ta karɓa ta juya shi, daga nan hira ta canja. Bayan haka in akwai dama mu kafa maikuroskof a inuwa, in sa gilashin da na riga na rina da Giemsa, in ɗiga mai, in saita, in ce wa dagaci bismillah. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kamar ɗan zobe a cikin ƙwayar jini. Mutumin da ya ga wannan da idonsa gobe shi zai tsaya ya yi wa maƙwabcinsa bayani, ba sai mun zo ba. 'Yan makaranta kuwa sai an kore su, layi suke yi, kuma ni ina ganin cikin yaran nan akwai waɗanda za su zauna a kujerar da kake kai.

Ka kula da bakinka a can. Kar ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, rijiya, asibiti, aiki wa ɗan mai unguwa, za a roƙe ka duka, ka ce zan kai maganar gaba in kuma ka san ba za ta yiwu ba ka faɗa a nan take cikin ladabi. Kar ka ce maganin da ake gwadawa yana warkarwa, da mun san yana yi ai da ba a kira shi gwaji ba. Abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba zan tambayo, kuma ka tambayo ɗin ka dawo da amsa. Sakamakon mutum sirrinsa ne, ko maigari ne ya ja ka gefe ya ce yaya gwajin wance, ba ka sani ba. Musamman gwajin sikila, in ka bari aka ji cewa yarinya AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikila ko da ita ba ta ciwon, kana iya ɓata mata aure ba ka sani ba, alhali abin da ake bukata kawai shi ne a zaunar da ita da iyayenta a yi musu bayani a natse.

Lokaci ma sai an duba. Ranar kasuwa ba kowa a gida, da damina kafin hantsi duk maza suna gona, da azumi mutane da yawa ba sa son a taɓa musu jini da rana ko da malam ya ce ba komai, ba a jayayya da wannan, canja jadawali ake yi. In an yi rasuwa a garin a ajiye fom a je a yi ta'aziyya a juyo.

Sannan fitar za ta gyara maka hannu a benci fiye da yadda kake zato. Sai ka ga yadda kula ke zafi a bayan mota a watan Afrilu zaka gane dalilin da muke nacin digiri 2 zuwa 8 da rubuta awon zafi a takarda. Sai ka ga an jingina kwalba kai tsaye da ƙanƙara jinin ya fashe ruwan ya koma ja zaka gane dalilin sa kwali a tsakani. Gilashin da aka shafa wa jini mai kauri don gwajin zazzaɓi in ba a rufe shi ba ƙuda ya lashe ko ƙurar hunturu ta zauna a kai, kai kuma kana can kana zagin wanda ya shafa. Ruwan ƙashin baya na mai sanƙarau kuwa shi ba ya shiga sanyi sam in shuka shi za a yi, wato a raini ƙwayar cutar a lab don a gane ta, ƙwayar cutar mutuwa take, mutum ya sha wahalar allura a baya a banza. Sitika a wurin ake mannawa gaban mai jinin, kafin a kira na gaba, ba a cikin mota ba. Yara biyu masu suna ɗaya a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne a ƙauye, in aka musanya kwalba ba injin da zai gano maka.

Game da zaman cikin gida da ka ɗan taɓo, cewa kana ganin kamar akwai manya akwai ƙanana, eh akwai, ko'ina haka ne. Masu digirin digirgir su ke rubuta takardar neman kuɗin aikin, sunansu ke fita, yawancinmu kuma kwantiragi ne, in kuɗin aiki ya ƙare sai a jira wani, wannan gaskiya ce mai ɗaci gara ka sani tun yanzu ka riƙa tara ilimi da takardun horo. Amma ka buɗe ido ka ga su wa ke riƙe da wurin. Direban da zai kai ku ya san wace hanya ce ke yankewa in an yi ruwa, ya san wane mai unguwa ne ba a fara zuwa gidan wani kafin nasa. Ungozomar garin in ta ce wa mata ku fito za su fito, in ta yi shiru sai ku wuni kuna kallon juna. Mai kula da janareta shi ke tsakanin firizar nan mai sanyin 80 ƙasa da sifili da asarar jinin da aka yi shekaru ana tarawa, in NEPA ta ɗauke ƙarfe biyun dare ƙararrawa ta yi kuka shi da maigadi ne za su fara ji su buga mana waya. Matar da ke wanke kwalabe da kwashe shara mai allurai ta fi ka shiga haɗari, kar ka taɓa jefa allura inda ba akwatinta ba. Ka gaishe su da sunansu, in an kawo abinci a taro ka duba ko ya kai gare su. Farar riga ba ta fita zuwa wurin cin abinci, ruwan shanka ba ya shiga firjin samfur ko da zafi zai kashe ka, in ka yi kuskure ka rubuta a littafi ka faɗa a ranar, wanda ya faɗa ana gyarawa, wanda ya ɓoye shi ake sallama.

Kuma kar ka ɗauka duk wannan lallashin mutane don kare kai ne kawai, yana haifar da abu. A jihar Dosso ta Nijar an yi wani babban bincike inda aka riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar azithromycin sau biyu a shekara, ƙauye ƙauye, wasu garuruwan maganin wasu abin da ya yi kama da shi, sakamakon ya fito a 2018, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a garuruwan da suka sha. Ka yi tunanin iyaye nawa ne suka buɗe ƙofa sau da sau, suka bari aka ƙirga musu 'ya'ya, har suka zauna suka ba da labarin wanda ya rasu. Haka rigakafin sanƙarau MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, nau'in A da ya yi mana ɓarnar 1996 yanzu kusan ba a ganinsa, shi ma sai da wasu iyaye a Mali da Gambiya suka yarda aka gwada a kan 'ya'yansu tukuna.

Abin da ya fi ci min rai a aikin nan, kuma laifinmu ne mu masu bincike baki ɗaya, shi ne a ɗebi jini a tafi shiru, takarda ta fito da Turanci a ƙasar waje, mutanen da suka miƙa hannu ba wanda ya koma ya ce musu ga abin da muka gano. Ni duk aikin da nake ciki sai na yi rigimar a sa kuɗin komawa a kasafi tun farko. Wanda aka samu da zazzaɓi ko ƙarancin jini a ba shi sakamakonsa da wuri a haɗa shi da magani, in aiki ya ƙare kuma a koma ƙofar fadar da aka fara a tara jama'a a faɗa musu da Hausa, ko abin ya yi ko bai yi ba. Wannan komawar ma da kai za a yi.

Ranar Laraba kafin ka tashi ka sa ƙanƙarar kula a firiza, ka ƙirga kwalabe da sitika da safar hannu ka haɗa da ƙari, ka zaɓo gilashi biyu masu kyau da ƙwayar ta fito sosai, ka goge maikuroskof ɗin nan mai madubi wanda ba ya bukatar wuta ka sa a akwatinsa. Ka sa doguwar riga da hula, farar rigar ka naɗe ta a jaka sai an gama gaisuwa a fada. In mun isa ka cire takalmi inda ka ga na cire, ka bar ni in yi magana da dagaci, in aka zo tambayar jini kai zan miƙa wa cokalin. Mota na tashi bayan asuba, ka karya tun a gida.