Ƙaramar bindigar aljihu: amsa ga ɗan'uwanmu mai aikin dare a Houston

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya tsare. Ka ce kana aikin dare a gidan mai, an yi wa abokin aikinka fashi, shi ya sa kake son sayen bindiga mafi ƙanƙanta wadda za ta shige aljihu ba wanda ya sani, amma wasu sun ce maka kayan wasan yara ce. Na daɗe ina ɗauke da irinta a nan Texas, to ga abin da na gani.

Takardunka tukuna. Ba ka faɗi irin zaman da kake yi ba. In kana da girin kad, wato takardar zama na dindindin a Amurka, dokar tarayya ta ba ka damar saye kamar ɗan ƙasa: ka cike fom 4473 a shagon mai lasisi, a binciki sunanka, shi ke nan. In kuwa bizar karatu ko ta ziyara gare ka, asalin hukuncin haramci ne, sai 'yan togaciya kaɗan, irin na mai lasisin farauta. Kada ka ji an ce tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta bar mai shekara 21 ya ɗauki bindiga ba lasisi ka ɗauka kowa da kowa ne. Wannan dokar jiha ce, ba ta goge ta tarayya ba, kuma laifin bindiga na cikin abubuwan da ake korar baƙo daga ƙasar a kansu, ko da girin kad ɗinsa. Ka biya lauyan shige da fice ya duba maka. Sannan ka tambayi dokar wurin aikinka, don kamfanoni da yawa suna sallamar ma'aikacin da suka kama da makami a bakin aiki.

To, mu zo kan bindigar. Amfaninta ɗaya ne, amma babba ne: za ta kasance a jikinka. Na san mutane da suka sayi Glock 19, bindiga mai kyau mai cin harsashi 15, suka yi ɗokinta na ɗan lokaci, daga baya ta koma cikin mota ko ƙarƙashin katifa. Dalili? Nauyinta ya haura rabin kilo tun ba a loda ta ba, ga zafin Houston a watan Yuli, mutum sanye da 'yar shara, ƙugu na jiƙewa da gumi, ƙarfe na tokarin haƙarƙari duk lokacin da ka zauna a mota. Ruger LCP kuwa, wadda ta fito a 2008 ta cika kasuwa, ba ta kai giram 300 ba, harsashi 6 take ci, na girman da ake kira .380. Ka sa ta a aljihun wando ka manta da ita. Mu masu sa kaftani ranar Juma'a mun fi kowa sanin wannan: bindigar ƙugu a ƙarƙashin doguwar riga sai ka naɗe rigar har ƙirji kafin hannunka ya kai gare ta, kuma kana sujada na bayanka ya ga shatinta. Ta aljihu ba ta da wannan matsalar. (Ko masallaci ya yarda a shiga da ita, wannan na shugabannin masallacin ne, in ka ga allon sanarwa na 30.05 ko 30.06 (masu hana shiga da bindiga) a ƙofa, ka tsaya ka karanta, kada ka yi gardama.) Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: in ka ga wanda ba ka yarda da take-takensa ba yana matsowa, hannunka na iya kasancewa a kanta cikin aljihu, ba ka zaro komai ba, ba ka tsorata kowa ba. In ya wuce, ka fito da hannunka ka ci gaba da harkarka.

Amma masu ce maka kayan wasa ce ma suna da abin faɗa, sai dai ba a nan matsalar take ba. Tana kisa, babu shakka. Da 'yar bindigar aljihu ƙirar Deringer aka kashe Shugaba Lincoln na Amurka a 1865. Matsalar ita ce harbi da ita yana da wuya, ya fi na babbar wuya nesa ba kusa ba. Mutane suna ɗauka ƙarama ta fi dacewa da sabon shiga, ko da mace. Akasin haka ne. Rashin nauyin nan da ya sa take da daɗin ɗauka shi ne ke sa duk shurin harbin ya sauka a tafin hannunka, kamar malamin firamare ya zuba maka rula. Mariƙinta gajere ne, yatsu biyu kawai ke kamawa, ƙaramin yatsa na lilo a iska. Kunamarta doguwa ce mai tauri, kafin ta tashi bakin bindigar ya karkace. Abin saitin da ke samanta ɗan tsiri ne, da dare ba ka ganinsa. In kuma riƙonka ya yi sako-sako, sai kwanson ya maƙale ta ƙi loda na gaba. Na sha tsayawa a filin koyon harbi ina kallon sabon mai LCP: kwali ɗaya na harsashi 50 bai ƙare ba ya fara yarfe hannu, takardar da yake harbi daga taku bakwai ramuka duk sun zube ƙasa ta hagu. Irin wannan ba ya sake dawowa atisaye, ga harsashin .380 ya fi na 9mm, irin wanda Glock 19 ke ci, tsada. Sai ya yi shekara yana yawo da abin da bai iya sarrafawa ba, a wurin da ke da famfon mai da kwastomomi a bayan ɓarawon.

Ƙarfin harsashin ma a kan iyaka yake. Bayan musayar wutar Miami ta 1986 inda aka kashe jami'an FBI (hukumar binciken laifuka ta tarayya) biyu, hukumar ta kafa ma'auninta: harsashi ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abin gwaji mai kama da tsoka. 9mm na zamani yana cikawa cikin sauƙi. Shi .380 daga gajeren bututu, in kansa ya buɗe sosai bayan ya shiga jiki sai ya gaza kaiwa zurfin nan, in ya kai kuma sau da yawa bai buɗe ba. Da babu gara ba daɗi, amma ka san abin da ka riƙe. Su .22 da .25 na aljihu kuwa, ni ba zan ba ka shawararsu ba.

Abin da zan ce ka yi: kada ka nemi mafi ƙanƙanta, ka nemi mafi ƙanƙantar da kai ka iya harbi da ita daidai. Tun da Sig P365 ta fito a 2018 lissafin ya canza, don tana cin harsashi 10 na 9mm a jiki ɗan ƙarami, nauyi wajen rabin kilo, da abin saiti na gaske. Ta ɗan yi wa aljihun wandon jins girma, amma aljihun kaftani ko rigar sanyi yana ɗaukarta. Glock 42 ita ma .380 ce, sai dai ta fi LCP girma kaɗan, shi ya sa ta fi ta laushin harbi. Akwai kuma 'yar rifolba ta Smith & Wesson 642 mai harsashi 5, ba ta cika maƙalewa ba, ba ta damu da ƙurar aljihu ba, amma ita ma tana cizon hannu. Filayen harbi da yawa a Houston suna ba da hayar bindiga. Ka je ka gwada uku a rana ɗaya kafin ka fitar da ko dala.

In ka saya, kube dole ne, wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, kuma aljihun nan ya zama nata ita kaɗai: ba makulli, ba waya, ba canji. A gida kuma akwatin ƙarfe mai kulle, don ƙanƙantarta ke sa yaro ya ɗauka ta wasa ce, kuma hannunsa na iya riƙe ta. Ka yi ajin lasisin jihar ko da ba a tilasta ba, a nan za a koya maka lokacin da doka ta yarda ka harba da wuraren da ba a shiga da ita, irin makarantu da kotuna. Ka kuma tuna kai baƙar fata ne. Philando Castile, wani baƙar fata, yana da lasisinsa, ya faɗa wa ɗan sanda yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a motarsa a Minnesota a 2016. In an tsayar da kai, hannu biyu kan sitiyari, ka yi magana a hankali, kada ka kai hannu aljihu sai an ce ka kai.

Kuɗin cikin durowar kantin ba naka ba ne, in ɓarawo su kawai yake so ka miƙa masa. Ranar da za ka je gida kuma ka zazzage kowace jaka da aljihunta, don a dokar makamai ta Najeriya ta 1959 fistol da rifolba suna jerin haramtattun makamai, kuma harsashi ɗaya da ya ɓuya a lungun jaka ya isa ya hana ka hawa jirgi tun daga nan.