Eh ki bar su su kalla, amma ki zauna tare da su

Hajiya kin ce ko ya dace yaranki su kalli kashin ƙarshe na zangon nan na fim ɗin nan mai dogon zango, tunda an yi ta cece-kuce a Facebook kan wajen da wani ɗa a shirin ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya saboda rabon gado. Eh ki bar su, amma kar ki miƙa musu waya ki shiga kicin, ki zauna ku kalla tare.

Mu a gidanmu nan Gwammaja haka muka yi bayan sallar isha, da aka zo wajen sai na tsayar da shi na tambayi ƙannena me Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 23, ƙaramin ya ce ko "uf" ba a cewa iyaye, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Masu fushin nan yawancinsu guntun bidiyon TikTok suka gani, basu kai inda yaron ya dawo ya durƙusa yana neman gafara ba, uwar kuma ta yi shiru bata ce ta yafe ba aka rufe shirin. In yaran basu kai shekara 10 ba ki wuce wajen ihun, yana da nauyi sosai.