Tambaya da Amsa: Kalma Ɗaya, Ma'anoni Barkatai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin rubuta jarrabawar WAEC. Tun a firamare aka koya mana cewa "run" gudu ne, sai ga shi na karanta a jarida cewa wani sanata "is running for governor", na rasa inda ya nufa da gudunsa. Shin Turancin ne ba shi da tsari, ko kuwa ni ce ban gane ba?
Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Sanatan nan bai ɗaga ƙafa ba, takarar gwamna kawai yake yi. Kin kuma ci karo da kalmar da ta fi ba masu haɗa ƙamus wahala, domin lokacin da aka sake bitar babban ƙamus na Oxford a shekarar 2011, an lissafa ma'anoni 645 na "run" a matsayinta na aikatau kaɗai. A bugun 1989 kuwa, "set" ce ke riƙe da kambun da ma'anoni 430. Da "run" ake cewa mutum yana tafiyar da kasuwanci, inji yana aiki, kogi yana gudana, ko hancin mai mura yana zuba.

Amma kafin mu ga laifin Turawa, mu dubi "ci" a harshenmu. Muna cin tuwo, muna cin jarrabawa, muna cin zaɓe, ana cin bashi, ana cin amana, kasuwa ma tana ci, kuma babu Bahaushen da ya taɓa zaton haɗiye takardar jarrabawa ake yi. Haka "sha" take: shan ruwa, shan wahala, shan iska, shan kaye. Abin da ke ba ki ma'anar "ci" shi ne kalmar da ke biye da ita, to haka lamarin yake a Turanci. A jimlar da ta ruɗa ki, "for" da "governor" su ne suka nuna siyasa ake magana.

Akwai kuma wani rukuni dabam, inda kalmomi biyu da suka shigo harshe ta hanyoyi daban-daban suka yi kama a rubutu. "Bank" mai nufin gaɓar kogi tsohuwar kalma ce ta mutanen arewacin Turai, ita kuwa "bank" ta ajiyar kuɗi, wadda muka ara muka ce banki, ta fito ne daga "banca" ta Italiyanci, wato teburin da 'yan canji ke zama a gabansa. Kusan irin "gari" ne na zama da "gari" na tuwo, sai dai mu karin sauti da tsawon wasali ke raba mana su a baki.

A ganina, kuskuren yana cikin yadda ake koyarwa, inda ake jera kalmomi kowace da fassara ɗaya tak, yara su haddace. Idan kin buɗe ƙamus, kada ki tsaya a ma'anar farko, ki karanta misalan jimlolin da ke ƙarƙashin kowace lamba har ki sami wadda ta dace da abin da ke gabanki. Ki kuma lura da ƙasar marubucin: a majalisar Birtaniya, da ma tamu ta Najeriya, "to table a motion" gabatar da ƙuduri ne don a tattauna, alhali a Amurka jingine shi ake nufi.