Tambayi Likita: Karkarwar Hannun Baba da Ƙwayar Exol

Tambaya: Likita, ana ɗaukar ciwon karkarwa na Fakinsin?

Amsa: Ba a ɗauka. Ku ci abinci kwano ɗaya da mai shi, babu komai.

Tambaya: Gado ne?

Amsa: Kaɗan ne ke gadonsa. Yawanci yana zuwa ne bayan shekara 60. Amma duk wanda hannunsa ke rawa yana zaune, ya ga likita.

Tambaya: Babanmu yana da shekara 72, hannunsa na karkarwa. Mai kemis ya ba mu Exol, rawar ta ragu, amma yanzu yana ganin mutanen da babu su, yana mance sunayenmu. An ce iska ce, har an kawo masa jiƙon zaƙami.

Amsa: 'Yar uwa, don Allah ki zubar da jiƙon nan yau! Ba iska ba ce, ina kyautata zaton Exol ɗin ne.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe mai suna sitirayetom, shi ke daidaita motsin jiki. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyin jijiya, ba su wuce biyu cikin ɗari ba, masu fitar da sinadarin asetilkolin. Sinadarin dofamin ne ke riƙe musu linzami. A ciwon Fakinsin ƙwayoyin da ke yin dofamin suna mutuwa, sai asetilkolin ya yi rinjaye, jiki ya sage, hannu ya kama rawa.

Exol, wanda ake kira benzhexol, toshe aikin asetilkolin yake yi, shi ya sa rawar ta lafa. To amma da wannan sinadarin ne ƙwaƙwalwa ke riƙe tunani, ga hanji da mafitsara ma suna buƙatarsa. A jikin tsoho sai ki ga rikicewa, gane-gane, bushewar baki, taurin bayan gida, fitsari ya ƙi fita. Shi ya sa ba mu cika ba tsofaffi shi ba.

Zaƙami kuwa aiki iri ɗaya yake yi, kuma ba shi da ma'auni. Raina yana ɓaci in na ji ana ɗura wa dattijo ciyawar da ke haukata matasa.

Kada ku yanke Exol ɗin farat ɗaya, jiki zai iya sandarewa. Ku kai Baba asibiti a makon nan, ku tafi da kwalin maganin. Likita zai rage shi a hankali, ya duba ko levodopa, maganin da ke ƙara dofamin a ƙwaƙwalwa, ya fi dacewa da shi. In fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi ya zo, ko ruɗewar ta ƙaru, kada ku jira gari ya waye, ku tafi asibiti a take.