Tambayi Likita: Ƙwayoyin Da Ke Tsayar Da Jini

Likita, ɗana ya yi zazzaɓin cizon sauro, gwaji ya nuna filatilet ɗinsa 90,000. Hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Agege.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Filatilet wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ɓargo ke samarwa. Da zarar jijiya ta yanke, su ke fara isa wurin, su manne da juna su toshe bakin ciwon kamar yadda ake liƙe ɓular tulu, sannan jini ya daskare a kansu. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini. Maleriya takan rage su, saifa ma ta riƙe wasu, amma yawanci suna dawowa da kansu idan an sha magani daidai.

Ni jikin yaron nake fara dubawa kafin takarda: haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi in ya goge baki, jajayen ɗige-ɗige a ƙafa kamar an barbaɗa barkono, ko baƙin bayan gida. In kin ga ɗaya daga ciki, kada ki jira gari ya waye. Kuma ban da asfirin ga yaro mai zazzaɓi.

Ina shan asfirin kullum saboda zuciya, kuma ina so wanzami ya yi mini ƙaho. Daga wani ɗan kasuwa a Mile 12.

Alhaji, a bar ƙahon nan. Asfirin na hana filatilet mannewa, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa ɗan tsagar aska ke iya yin ta tsiyaya. Na san wasu kan ajiye maganin na mako guda don su yi ƙaho. Wannan ya fi haɗari, domin gudan jinin da ake gudu a jijiyar zuciya shi za ka buɗe wa ƙofa. Ko haƙori za a cire maka, ka faɗa musu tukuna.

Ganyen ugu da madara na ƙara filatilet? Daga Idi-Araba.

Abinci ne mai kyau, ci abinka, amma ba maganin ƙarancin filatilet ba ne. LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, na nan unguwarku, je a gano sanadin.